Likitan Tiyatar Ƙashin Baya da Binciken Sauya Faifai

Gabatarwa

Ɗalibai, ku sa hannu a bayan wuyanku, ku shafa a hankali zuwa ƙasa. Za ku ji ƙananan ƙasusuwa a jere kamar 'ya'yan carbi. Wannan jeri shi ne ƙashin baya. Shi ke ɗauke da kai da gangar jiki, kuma da shi muke sunkuyawa, mu miƙe, mu waiwaya.

Ku dubi mutanen da kuke gani kullum a gari kamar Kontagora. Ga manomi a duƙe yana huɗa tun daga safe har azahar. Ga ɗan dako a kasuwa da buhun masara a ka. Ga mace tana daka, wata tana jan guga a rijiya. Ga direban babbar mota da ya taso daga Mokwa, zai wuce Yawuri da Sakkwato, yana zaune wuri ɗaya awa da awanni. Dukansu da ƙashin bayansu suke neman abinci. Ran da bayan ya ƙi, aiki ya tsaya, kuma tukunyar gida ma tana iya sauka daga murhu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana sa ran adadin zai kai miliyan 843 a shekarar 2050. Babu wata cuta da ta fi shi hana mutane aiki a duniya. A wannan darasi za ku ga yadda aka gina ƙashin baya, da yadda mutum ke zama likitan tiyatarsa a Nijeriya. Za ku kuma karanta tarihin wata likita Bajamushiya wadda ta ƙera faifan roba da ƙarfe don ya maye gurbin wanda ya lalace.

Ginin ƙashin baya

Ƙashin baya ya ƙunshi ƙananan ƙasusuwa 33. Guda 7 suna wuya. Guda 12 suna daidai ƙirji, kuma a jikinsu haƙarƙari yake manne. Guda 5 suna tsatso, wato ƙasan baya, su ne manya domin sun fi ɗaukar nauyi. Guda 5 na ƙugu sun haɗe sun zama ƙashi ɗaya. Sauran 4 ƙanana ne, suna can ƙarshe.

Kowane ƙashi yana da rami a bayansa. Da yake a jere suke, ramukan sun zama kamar bututu. A cikin bututun nan laka take kwance. Laka ita ce babbar hanyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Daga jikinta jijiyoyi suke fita biyu-biyu, hagu da dama, har sau 31. Idan kun yi niyyar ɗaga ƙafa, ta nan umurnin yake bi. Idan kun taka ƙaya, ta nan labarin zafin yake hawa.

Da ƙashi zai zauna a kan ƙashi kai tsaye, da sun goge juna. Saboda haka akwai wani abu mai taushi a tsakaninsu, wanda ake kira faifai. Akwai faifai 23 a bayan mutum. Ku tuna da gammo, wanda mai ɗaukar tulu yake sawa tsakanin kansa da kaya. Aikin faifai ya yi kama da na gammo: yana rarraba nauyi, yana rage girgiza. Sai dai faifai ya fi gammo, domin yana barin ƙasusuwan su motsa.

Faifai kashi biyu ne. Na waje zobe ne mai tauri, an yi shi da zaruruwa masu ƙarfi hawa-hawa. Na ciki kuwa mai laushi ne kamar kunu mai kauri, kuma yawancinsa ruwa ne. Da rana nauyin jiki yana matse wannan ruwa, da dare kuma faifai ya sake tsotso shi. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da kamar santimita ɗaya ko biyu. Akwai wani abu kuma da ya kamata ku riƙe: hanyoyin jini ba sa shiga cikin faifan babban mutum sosai. Abin da jini ba ya isa gare shi kuwa ba ya saurin warkewa.

Yadda faifai ke lalacewa

Yayin da shekaru suke tafiya, ruwan faifai yana raguwa. Sai ya bushe, ya lotse, ƙasusuwan biyu su matso kusa da juna. Wannan yana faruwa ga kusan kowa, kuma mutane da yawa ba sa jin ciwon kome. Amma ga wasu yakan zama ciwo mai naci.

Wani lokaci kuma zoben waje yakan tsage, abin ciki ya bulluƙo ya danne jijiya. A nan mai ciwo zai ji zafi yana sauka daga ɗuwawu zuwa cinya har tafin ƙafa. Wani zai ji ƙafar ta yi masa nauyi ko ta mutu. An fi samun haka a faifai biyu na can ƙasan tsatso. Likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, su ne suka bayyana wannan a fili a shekarar 1934, suka nuna cewa tiyata tana iya sauƙaƙa shi.

A ƙasashenmu akwai wasu manyan dalilai biyu da suke kai mutane wurin likitan ƙashin baya. Na farko haɗari ne: na mota, na babur, ko faɗowa daga bishiya ko gini. Na biyu tarin fuka ne. Ƙwayar wannan cuta takan bar huhu ta shiga ƙashin baya ta cinye shi, har bayan ya karye ya yi doro. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya yi bayanin wannan ciwo a shekarar 1779, kuma har yau da sunansa likitoci suke kiransa. Magani yana warkar da shi idan an fara da wuri kuma an sha watanni da yawa ba fashi. A Nijeriya kyauta ake ba da maganin tarin fuka a cibiyoyin gwamnati.

Aikin likitan

Mutane da yawa sun ɗauka likitan tiyata kullum wuƙa ce a hannunsa. Gaskiyar magana, yawancin masu ciwon baya ba sa bukatar tiyata. Kusan tara cikin goma ba a samun wata cuta takamaimai a bayansu. Suna samun sauƙi da motsa jiki, da gashi, da maganin rage zafi, da gyara yadda suke ɗaga kaya. Har faifan da ya bulluƙo ma sau da yawa yakan janye da kansa cikin makonni ko watanni.

Don haka aikin likita na farko shi ne saurare da bincike. Zai tambayi mai ciwo inda zafin yake da lokacin da ya fara. Zai gwada ƙarfin ƙafafu, ya taɓa fata ya ga ko ana ji. Sannan ya nemi hoto. Hoton ƙashi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a shekarar 1895, yana nuna ƙashi, amma ba ya nuna faifai da jijiya sosai. Na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu, ita ce take nuna su sarai.

Idan tiyata ta zama dole, akwai manyan hanyoyi uku. Ta farko ita ce a cire ɓangaren faifan da ya danne jijiya. Ta biyu ita ce a haɗe ƙasusuwa biyu su zama ɗaya. Ana cire faifan, a sa gutsuren ƙashi a gurbinsa, a ɗaure da sanduna da kusoshin ƙarfe. Likitoci biyu na birnin New York, Russell Hibbs da Fred Albee, suka fito da hanyar haɗe ƙashin baya a shekarar 1911, kowa da salonsa, domin masu tarin fukan ƙashi. Hanya ta uku ita ce a sauya faifan da na ƙira.

Me ya sa aka nemi hanya ta uku? Ku ɗauki sarƙa ku ɗaure zobenta biyu don kada su motsa. Idan kun lanƙwasa ta, zobban da ke kusa da su ne za su ƙara wahala. Haka likitoci suka yi tunani game da ƙashin baya: idan an haɗe wuri ɗaya, faifan sama da na ƙasa za su ɗauki ƙarin aiki, kuma suna iya lalacewa da wuri. Tambayar da ta taso ita ce: ko za a iya cire ciwo ba tare da an kashe motsi ba?

Karin Büttner-Janz: daga filin wasa zuwa ɗakin tiyata

An haifi Karin Janz ranar 17 ga Fabrairu, 1952, a ƙasar da a lokacin ake kira Jamus ta Gabas. Tun tana ƙarama ta shiga wasan alkafura da lilo a kan sanduna. Tana da shekara 16 ta je gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, ta samo lambar azurfa da ta tagulla. A gasar 1972 a birnin Munich ta ci lambobi biyar, biyu daga ciki na zinariya. Har yau akwai wani salon alkafura a kan sanduna da ake kira da sunanta.

Yawancin mutane da sun tsaya nan. Ita kuwa tun 1971 ta fara karatun likita a Jami'ar Humboldt ta birnin Balin, kuma bayan gasar Munich ta bar wasa ta fuskanci littafi. Da ta gama, ta ƙware a tiyatar ƙashi a asibitin Charité, wanda yake ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin Balin. Bayan ta yi aure aka san ta da suna Karin Büttner-Janz.

Ba ita ce ta fara tunanin sauya faifai ba. Wani likitan ƙasar Suwidin, Ulf Fernström, ya riƙa sa ƙwallon ƙarfe a gurbin faifai, ya buga sakamakonsa a shekarar 1966. Matsalar ita ce ƙwallo yana taɓa ƙashi a ɗan ƙaramin wuri ne kawai. Duk nauyin jiki sai ya taru a nan, ƙwallon ya riƙa nutsewa cikin ƙashi. Ku tuna yadda tsinin sanda yake shiga yashi, alhali faranti ba ya shiga. A gefe guda kuma, a farkon shekarun 1960, John Charnley na Ingila ya yi nasarar sauya gaɓar kwatangwalo da ƙarfe da wata roba mai tauri da santsi. Wannan ya nuna cewa ƙarfe da roba suna iya zama a jikin mutum shekaru suna aiki.

A shekarar 1982 Büttner-Janz da abokin aikinta Kurt Schellnack suka fara ƙera nasu faifan. Sun yi shi kashi uku: farantin ƙarfe a sama, farantin ƙarfe a ƙasa, da roba mai tauri a tsakiya wadda take zamewa kaɗan idan mutum ya sunkuya ko ya miƙe. Suka sa masa suna SB Charité, wato farkon harafin sunan kowannensu da sunan asibitinsu. An fara dasa shi a jikin mutum a shekarar 1984.

Ƙirar farko ba ta yi yadda ake so ba. Farantan sun yi ƙanƙanta, suka riƙa nutsewa cikin ƙashi. Sai suka yi ta biyu, suka ƙara wa farantan fukafukai don su yi faɗi. A wasu marasa lafiya fukafukan suka tsage. A shekarar 1987 aka fito da ƙira ta uku, mai faranti mai kauri da faɗi, da ƙananan haƙora masu kama ƙashi. Kamfanin Waldemar Link na birnin Hamburg ne ya ƙera ta, kuma ita ce ta yaɗu a Turai. Hausawa suna cewa, da koyo akan iya. Kowace ƙira ta koya musu abin da ta gaba za ta gyara.

A shekarar 1990 Büttner-Janz ta zama shugabar sashen tiyatar ƙashi a wani asibiti a unguwar Hellersdorf ta Balin. Ta ci gaba da yin tiyata, da koyarwa, da rubuce-rubuce. Daga baya ta zama farfesa, ta kuma shugabanci ƙungiyar likitocin duniya masu binciken sauya faifai.

Yadda ake gane gaskiyar sabuwar ƙira

Mai ƙira yakan so abin da ya ƙera, kuma kamfani yana son ciniki. To, yaya za a san ko sabon abu ya fi tsoho? A nan aikin mai bincike yake. Ana tara marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya a yi masa sabuwar tiyata, ɗaya gidan a yi masa tsohuwa. Ƙuri'a tana hana likita zaɓar masu ƙarfi ya sa a gidan da yake so ya yi nasara. Bayan haka a bi su shekaru ana auna zafinsu da ƙarfinsu na yin aiki.

An yi wa faifan Charité irin wannan gwaji a Amurka da mutum 304. An sa wa 205 faifan ƙira, aka haɗe ƙasusuwan 99. Bayan shekara biyu aka ga sakamakon masu faifan ƙira bai gaza na ɗaya gidan ba. A watan Oktoba na 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi. Shi ne faifan tsatso na farko da ya samu wannan izini, shekara 20 bayan dasawar farko. A 2006 aka amince da ProDisc, wanda likitan Faransa Thierry Marnay ya ƙera. A 2007 kuma aka amince da faifan ƙira na wuya.

Ku lura da kalmomin sakamakon: bai gaza ba. Wannan ba daidai yake da a ce ya fi ba. Tiyatar tana da haɗarinta. Ta ciki ake bi a kai ga faifan tsatso, sai an ture manyan hanyoyin jini gefe. Idan faifan ya goce ko robar ta cinye, sake buɗe wurin ya fi na farko wuya, saboda tabon da ya manne wa hanyoyin jinin. Ba a kuma yi wa kowa. Wanda ƙashinsa ya yi rauni, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko ya karye, ko ƙananan gaɓoɓin bayansa sun riga sun lalace, ba a sa masa. Daga baya an daina ƙera faifan Charité, sababbi suka maye gurbinsa. A yau an fi yawan sauya faifan wuya a kan na tsatso. Tiyatar tana da tsada ƙwarai, domin faifan daga ƙasashen waje ake sayo shi.

Hanyar zama likitan ƙashin baya a Nijeriya

A ce ɗaya daga cikinku yana aji huɗu a wata sakandare ta Kontagora, yana son wannan aiki. Ga matakan da zai bi.

Na farko, ya zaɓi ajin kimiyya. Yana bukatar sakamako mai kyau a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji a jarrabawar WAEC ko NECO. Hedkwatar NECO ma a Minna take, babban birnin Jihar Neja. Sannan ya ci jarrabawar JAMB da maki mai yawa, domin masu neman gurbin karatun likita suna da yawa.

Na biyu, karatun digirin likita, wanda yake ɗaukar shekara 6. Ana yin sa a wurare kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Bayan haka sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, da cikakkiyar rajista a majalisar likitoci ta ƙasa, da shekara ɗaya ta hidimar ƙasa.

Na uku, horon ƙwarewa. Ƙofa biyu ce take kai mutum ga ƙashin baya: tiyatar ƙashi, ko tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Horon yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai, likita yana aiki dare da rana a ƙarƙashin manya. Akwai jarrabawa hawa uku, waɗanda Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma suke shiryawa. Kafin a gama, dole likita ya gudanar da bincike, ya rubuta shi, ya kare shi a gaban malamai. Wanda yake son ƙashin baya kaɗai yakan ƙara shekara ɗaya ko biyu a wata cibiya ta musamman, a gida ko a waje. Idan kun haɗa lissafi, za ku samu kusan shekara 15 bayan sakandare. Mahaƙurci mawadaci.

Akwai waɗanda suka share wannan hanya. Farfesa Latunde Odeku, wanda aka haifa a 1927, ya yi karatu a Amurka, ya dawo Ibadan a 1962 ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na farko a Nijeriya. A Kano an buɗe asibitin ƙashi na Dala a 1959. Shi da na Igbobi a Legas da na Inugu su ne tsofaffin asibitocin ƙashi na tarayya. A Sakkwato akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Farfesa Bello Bala Shehu yana cikin waɗanda suka gina wannan fanni a can. Ya shugabanci asibitin, ya shugabanci Asibitin Ƙasa na Abuja, sannan ya zama shugaban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi.

Duk da haka, ƙwararrun sun yi kaɗan ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Wanda ya karya baya a ƙauyen Kontagora yakan fara da babban asibitin garin, daga nan a tura shi wani asibiti mai nisa kamar na Sakkwato, Zariya, Abuja ko Kano. Tafiyar awanni ce, laka kuwa ba ta jira. Akwai kuma tambayoyin da suke jiran masu bincike na gida. Yaya ɗaukar kaya a ka yake shafar faifan wuya? Yaya za a gano tarin fukan ƙashi kafin baya ya yi doro? Yaya za a rage tsadar ƙarafan tiyata? Wanda ya tashi cikin manoma da 'yan dako ya fi kowa sanin muhimmancin amsoshin.

Abin da za ku iya yi tun yanzu

Ba sai kun zama likitoci za ku ceci bayan wani ba. Idan aka yi haɗari, mutum yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada ku ja shi, kada ku zaunar da shi, kada ku naɗe shi a bayan babur. A nemi ma'aikatan lafiya ko jami'an kiyaye haɗurra. Idan dole ne a ɗauke shi, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, wasu su ɗaga shi gaba ɗaya a miƙe, a kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure. Ƙashin da ya karye yana iya yanke laka idan aka lanƙwasa shi, kuma lakar da ta yanke ba ta haɗewa.

Maɗori yana da daraja a ƙasar Hausa, kuma jama'a sun daɗe suna zuwa wurinsa. Amma karayar baya ba irin ta hannu ba ce. Ja da murza da matsa suna iya mayar da mai tafiya gurgu. Wannan aikin asibiti ne.

Ku riƙe waɗannan alamu, ku gaya wa iyayenku. Mai ciwon baya ya tafi asibiti ba tare da jinkiri ba idan fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko yana zuba ba da saninsa ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafarsa tana ƙara rauni. Haka kuma idan ciwon ya zo da zazzaɓi, da gumin dare, da rama.

Ku kuma kula da naku bayan. Idan za ku ɗaga kaya daga ƙasa, ku durƙusa da gwiwa, ku jawo kayan kusa da jiki, ku miƙe da ƙarfin cinya. Kada ku murɗa jiki da kaya a hannu. Ku guji taba, domin tana rage abincin da yake isa ga faifai. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Kun ga cewa faifai ƙaramin abu ne mai babban aiki. Kun ga cewa an yi shekara 22 daga ranar da aka fara ƙera faifan Charité zuwa ranar da aka amince da shi a Amurka, kuma har yanzu ana ci gaba da auna amfanin irinsa. Likitan ƙwarai yana bukatar hannu mai natsuwa, da ilimi mai zurfi, da gaskiyar da za ta sa ya gaya wa mara lafiya cewa ba ya bukatar tiyata idan ba ya bukata. Aikin na maza ne da mata. Matakinsa na farko kuwa yana gabanku, a ajin kimiyya.

Ma'anar kalmomi

Laka: farin abu mai laushi da yake cikin ƙashin baya, mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki.
Tsatso: ƙasan baya, sama da ƙugu.
Gammo: tsumma ko ganye da ake naɗewa a sa a ka don ɗaukar kaya.
Doro: tudun da yake fitowa a baya idan ƙashi ya lanƙwashe.
Maɗori: mai gyara karaya ta hanyar gargajiya.
Gashi: jinyar gaɓoɓi da zafi da tausa da motsa jiki.
Bulluƙo: fitowa daga ciki zuwa waje.
Ƙyaure: marufin ƙofa.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a ƙashin baya, kuma yaya aka rarraba su?
2. Ta wace hanya faifai ya yi kama da gammo, kuma ta ina ya fi shi?
3. Me ya sa mutum ya fi tsawo da safe?
4. Me ya hana ƙwallon ƙarfe na Fernström yin aiki yadda ake so?
5. Kawo matsalar da aka samu a ƙirar Charité ta farko da ta biyu.
6. Me ya sa ake raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a a lokacin gwaji?
7. Jera matakan zama likitan ƙashin baya a Nijeriya.
8. Bayyana ma'anar karin maganar nan: Mahaƙurci mawadaci.

Aiki

1. Ku zana ƙasusuwan baya biyu da faifai a tsakaninsu, ku rubuta sunan kowane sashe da Hausa.
2. Ku rabu rukuni-rukuni, ku nuna a gaban aji yadda ake ɗaukar wanda ya ji rauni a baya.
3. Kowa ya rubuta wasiƙa ta layi 15 zuwa ga kawunsa manomi, ya bayyana masa alamun ciwon baya da suke bukatar zuwa asibiti da gaggawa.